Yadda Magungunan Ƙwari Ke Lalata Hanjin Ƙwaro

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gida a unguwar Ɗan Iya, ko wata daga cikin tsofaffin unguwannin birnin Bauchi, da ba a ajiye wani nau'i na maganin ƙwari ba. Wani na sauro ne, wani na kyankyaso ko kuɗin cizo, wani kuma na zubawa ne a buhun wake don kada ya huje kafin bazara. Haka abin yake a gonakin da ke kewaye da birnin. Da zarar wake ya fara fure, sai manomi ya shigo gari neman maganin feshi, wasu su nufi wajen kasuwar Wunti, wasu ta Muda Lawal. Abin da mafi yawan masu saye ke nema shi ne magani mai kisa nan take, wato a fesa, ƙwaro ya faɗi yana shure-shure. Wanda bai yi haka ba sai a ce jabu ne, ko kuma ya sha iska.

Sai dai akwai wani rukuni na magunguna da ba sa kisa a kan idon mai feshi. Ta baki suke shiga, su sauka cikin hanjin ƙwaro, su lalata shi sannu a hankali. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda cikin ƙwaro yake, da hanyoyin da waɗannan magunguna ke bi su ɓata shi, da kuma dalilin da ya sa wasunsu ke kashe tsutsa amma su bar mutum da akuyarsa. Za a kawo misali da irin waken da aka samar a Samaru ta Zariya, domin a kan wannan ilimi aka gina shi.

2.0 Magani, Guba da Dafi

Kafin a shiga cikin ƙwaro, ya kamata ɗalibin harshe ya lura da kalmar da muke amfani da ita. Bahaushe yakan ce maganin zazzaɓi, ya kuma ce maganin ɓera. Na farko warkarwa yake yi, na biyu kuwa kisa. Abin da ya haɗa su shi ne kowanne yana kawar da wata damuwa. Illar wannan faɗi na ma'ana ita ce, kalmar magani tana kwantar da hankali, ta sa a manta cewa abin da ke cikin kwalbar guba ce.

Hausa tana da wasu kalmomi biyu da suka fi fayyace al'amarin. Dafi shi ne wanda ke shiga jiki ta hanyar sara ko harbi, kamar na maciji da kunama da kibiya. Guba kuwa galibi ci ko sha ake yi. Masana kimiyyar ƙwari ma da hanyar shiga jiki suke rarrabe magunguna, sun kuma kasa su gida 3. Akwai na taɓawa, wanda ke ratsa fatar ƙwaro idan ya sauka a kansa ko ya taka shi. Akwai na shaƙa, wanda ke shiga ta ƙananan ƙofofin numfashi da ke jere a gefen jikin ƙwaro, kamar ƙwayar fosfin da ake sa wa a rumbu. Sai na ci, wanda ba ya aiki sai an haɗiye shi. Magani ɗaya yana iya bin hanya fiye da ɗaya, amma na ukun nan ne abin dubawarmu.

Yanayin bakin ƙwaro shi ke nuna ko gubar ci za ta same shi. Fara da tsutsa da kyankyaso da gara masu tauna ne, saboda haka duk abin da aka fesa a kan ganye ko aka cuɗa da abinci za su haɗiye shi. Amma ƙananan ƙwarin da ke kawo darɓa masu tsotsa ne. Bakinsu kamar allura yake, sukan soka shi cikin jikin tsiro su zuƙi ruwa, su tsallake abin da ke saman ganyen. Irin waɗannan sai da maganin da tsiron kansa ke shanyewa ya gauraya da ruwan jikinsa.

3.0 Tsarin Cikin Ƙwaro

Cikin ƙwaro bututu ne guda da ya taso daga baki ya ƙare a dubura. An kasa shi kashi 3: hanjin gaba, hanjin tsakiya da hanjin baya.

Hanjin gaba ya ƙunshi maƙoshi, da wata 'yar jaka da abinci ke taruwa a ciki, irin wadda ke wuyan kaza. A wasu ƙwari, kamar kyankyaso, akwai ƙundu mai ƙananan haƙora da ke niƙa abinci. Hanjin baya kuwa aikinsa tsotse ruwa da gishiri daga cikin dusar abinci kafin a fitar da ita. Waɗannan ɓangarori biyu a shafe suke daga ciki da irin abin da aka yi fatar ƙwaron da shi, wanda babban sinadarinsa shi ne kaitin. Idan ƙwaro ya yi saɓa, har da wannan shafi yake tuɓewa. Shafin yana hana abubuwa da yawa ratsawa, don haka guba ba ta cika samun kafa a nan ba.

Hanjin tsakiya shi ne wurin aiki, shi ne kuma wurin rauni. A nan ake narka abinci, a nan kuma jiki ke tsotse shi, saboda haka ba zai yiwu a shafe shi da abu mai tauri ba. Bangonsa jeri ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta. Fuskar kowace ƙwaya da ke kallon abinci cike take da 'yan siraran yatsu masu kama da gashin buroshi, waɗanda ke ƙara faɗin wurin tsotsa. A gindin bangon akwai ƙananan ƙwayoyi da ke zaman jiran maye gurbin waɗanda suka tsufa ko suka mutu. Kariyar da bangon ke da ita, ita ce wani siririn tantani na kaitin da furotin da ke naɗe abinci kamar safa. Yana barin narkakken abinci ya wuce, yana kuma tare tsakuwa da ƙwayoyin cuta.

A mahaɗar hanjin tsakiya da na baya akwai wasu siraran bututu da ke yi wa ƙwaro aikin ƙoda. Ana kiransu da sunan masanin nan ɗan ƙasar Italiya, Marcello Malpighi, wanda ya bayyana su a binciken da ya yi kan tsutsar siliki a shekarar 1669.

Abu na ƙarshe da ya kamata a sani shi ne yanayin ruwan hanjin. Masana na auna tsami da kishiyarsa da ma'aunin pH, wanda ya kama daga 0 zuwa 14. Ruwa tsantsa yana kan 7. Abin da ke ƙasa da 7 yana ɓangaren tsami, kamar lemun tsami da tsamiya. Abin da ke sama da 7 yana ɓangaren kanwa da ruwan toka, wato alkali. Tumbin ɗan Adam mai tsananin tsami ne, tsakanin 1.5 da 3.5. Hanjin tsakiya na tsutsar malam-buɗe-littafi da danginta kuwa yana kaiwa 9 zuwa 11. Wannan bambanci zai taimaka wajen fahimtar abin da ke tafe.

4.0 Hanyoyin da Guba ke Lalata Hanji

4.1 Huda Bangon Hanji

Mafi shahara a wannan fanni wata bakteriya ce da ke zaune a cikin ƙasa, mai suna Bacillus thuringiensis, wadda ake taƙaitawa da Bt. Wani masani ɗan Japan, Shigetane Ishiwata, shi ya fara gano ta a 1901 tana kashe tsutsotsin siliki. A 1911 Ernst Berliner ya sake samunta a jikin tsutsar garin alkama a lardin Turinjiya na Jamus, daga nan ta samo sunanta. An fara sayar da ita a matsayin maganin feshi a Faransa a 1938 da sunan Sporeine.

Idan abinci ya yanke wa wannan bakteriya, takan dunƙule ta kwanta, ta kuma samar da wani ɗan dunƙulen furotin mai kama da ƙwayar gishiri. Wannan dunƙule ba ya cutar da komai muddin yana waje. Aikinsa yana farawa ne bayan tsutsa ta haɗiye shi tare da ganye, kuma mataki-mataki yake bi.

Da farko ruwan hanjin tsutsa, mai yanayin kanwa, yana narka dunƙulen. Na biyu, sinadaran narka abinci na tsutsar, waɗanda ake kira enzayim, sukan datse furotin ɗin kamar yadda suke datse kowane abinci. Datsewar nan ce ke fito da ɓangaren da ke da guba, wato tsutsar da kanta take zare wuƙar daga kube. Na uku, gubar tana ratsa tantanin nan ta je ta maƙale a wasu keɓaɓɓun wurare da ke jikin siraran yatsun bangon hanji, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa. Na huɗu, ƙwayoyin gubar sukan haɗu su nutse cikin fatar ƙwayar halittar su buɗe 'yar ƙaramar kafa. Ta wannan kafa gishiri da ruwa ke kwarara ciki, ƙwayar ta kumbura har ta fashe.

Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da bangon hanji ya huje, abin da ke cikin hanji, har da ƙwayoyin cuta, sai ya malala cikin jinin tsutsar. Cikin 'yan sa'o'i takan daina ci, amma ba ta mutuwa sai bayan kwana 2 zuwa 3, wani lokaci fiye da haka, ko dai da yunwa ko da ruɓewar jini. Manomin da ya koma gona washegari ya ga tsutsa tana motsi zai zaci asara ya yi, alhali ɓarnar ta riga ta tsaya tun jiya.

Kowane nau'in Bt da irin ƙwarin da makullinsa ke buɗewa. Wani na tsutsar malam-buɗe-littafi ne, wani na buzuzu da danginsa. A 1976 an gano wani nau'i a hamadar Negeb da ke kashe 'ya'yan sauro da na wani ɗan baƙin ƙuda mai yaɗa cutar makanta ta bakin kogi. Shirin yaƙi da wannan cuta a Afirka ta Yamma, wanda ya gudana daga 1974 zuwa 2002 a ƙasashe 11 har da Jamhuriyar Nijar, ya yi amfani da shi sosai a koguna bayan da 'ya'yan ƙudan suka fara jure wa maganin da ake zuba musu tun farko.

4.2 Hana Ci da Hana Narkewa

Bishiyar da wasu ke kira darbejiya, wasu dogon yaro, wasu maina ko bedi, gwargwadon karin harshen yanki, ba baƙuwa ba ce a titunan Bauchi, ko da yake asalinta daga yankin Indiya ne. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fari sun cinye ganyen itatuwa sun bar darbejiya. A 1968 masu bincike a Jami'ar Keele ta Ingila suka ware sinadarin da ke jawo haka daga ƙwallon bishiyar, aka sa masa suna azadiraktin.

Wannan sinadari yana yaƙi ta fuskoki da dama. Yana rikita gaɓoɓin ɗanɗano da ke bakin ƙwaro, ya ƙi cin ganyen. Idan kuma ya ci, motsin hanji da ke tura abinci gaba yakan yi rauni, enzayim ɗin da ke narka furotin su ragu, ƙwayoyin bangon hanji su kumbura su lalace, waɗanda ke jiran maye gurbinsu kuma su kasa hayayyafa. Bugu da ƙari yana dagula sinadarin da ke ba ƙwaro umarnin yin saɓa, sai tsutsa ta maƙale cikin tsohuwar fatarta. Malaman gona sukan koyar da a daka busasshen ƙwallon, a jiƙa kimanin giram 50 a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace a fesa. Da yamma ake son feshin, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki.

Tsirrai da dama suna da irin wannan makami. Wake kansa yana ɗauke da wani furotin da ke toshe enzayim mai narka furotin a hanjin wasu ƙwari, su ci su ƙoshi amma abincin bai amfane su ba. A 1987 masu bincike a Ingila suka ɗauki ƙwayar gadon da ke samar da shi daga wake suka dasa a jikin taba, aka ga tabar ta ƙara jure wa tsutsa.

4.3 Zaizaye Bango

Tsofaffin gubobin ci ba su da makulli, duk abin da suka tarar ƙona shi suke yi. Tun wajen 1867 manoman Amurka suka fara barbaɗa wani koren gari mai sinadarin asanik, wanda ake kira koren Faris, a kan dankalin Turawa. A 1892 aka fito da wani da ya haɗa asanik da dalma. Suna kashe ƙwayoyin bangon hanji su saɓule, amma haka suke yi wa mutum da dabba, kuma suna daɗewa a ƙasa. Wannan ya sa aka yi watsi da su. Darasin da ke nan shi ne, kasancewar guba ta ci ce bai sa ta zama marar haɗari ba. Abin dubawa shi ne ko tana kai hari ga abin da ƙwaro kaɗai ke da shi.

Wanda ya rage daga wannan zuri'a, kuma bai kai su haɗari ba, shi ne borik asid, farin garin da ake yi wa kyankyaso da kiyashi tarko da shi. Kyankyaso ƙwaro ne mai yawan lasar ƙafafunsa da gashin bakinsa. Idan ya taka garin, wajen gyara jiki sai ya haɗiye shi. Garin yana lalata ƙwayoyin bangon hanji, ƙwaron ya daina cin abinci, ya mutu bayan kwanaki. Jinkirin nan riba ce, domin kiyashi yakan koma rami ya ciyar da 'yan'uwansa daga abin da ya haɗiyo, kyankyasai kuma suna cin kashin juna da gawar juna. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Duk da haka tilas a nisanta shi daga yara da kayan abinci.

4.4 Yaga Tantani da Haɗin Bakin Hanji

Akwai magungunan da ke hana ƙwaro ƙera kaitin, irin su lufenuron. An fi saninsu da hana sabuwar fata yin ƙwari a lokacin saɓa, amma tunda tantanin da ke naɗe abinci ma da kaitin aka saƙa shi, shi ma yakan yi rauni, ya bar bangon hanji a fili.

Akwai kuma waɗanda hanji ke zame musu abokin aiki. Indoksakab, wanda ake fesa wa tsutsotsin kayan lambu, ba shi da ƙarfi sosai a yadda yake cikin kwalba. Sai ya isa hanjin tsutsa enzayim ɗinta su sauya shi zuwa wani sinadari mai tsananin ƙarfi, wanda ke wucewa ya shanye jijiyoyi. Jikin dabbobi masu shayarwa ba ya yin wannan sauyi da sauri irin na tsutsa.

5.0 Waken Samaru

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. Ɗaya daga cikin manyan abokan gabansa ita ce tsutsar Maruca vitrata. Uwarta da dare take yawo ta yi ƙwai a kan tsiron, tsutsar kuma ta shige cikin fure, daga baya ta huda kwanso ta ci ƙwayar. Idan ta yi yawa tana iya cinye har kashi 80 cikin 100 na amfanin gona. Matsalar feshi a nan ita ce, da zarar ta shige ciki magani ba ya kai mata. Wannan ya sa manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 a damina guda.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, tare da abokan aiki daga Ostareliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka mai suna AATF, sun bi wata dabara: maimakon a fesa gubar a waje, a sa waken ya riƙa samar da furotin ɗin Bt a jikinsa. Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku ne ya jagoranci aikin a Samaru. An fara gwaji a killatacciyar gona a 2009. Hukumar kula da amincin fasahar halittu ta ƙasa ta ba da izini a Janairun 2019, aka yi wa irin rajista a Disambar wannan shekara da sunan SAMPEA 20-T, ya kuma fara isa hannun manoma a 2021. Duk inda tsutsar ta ciza, a fure ko a kwanso, ta haɗiyi furotin mai suna Cry1Ab, abin da aka bayyana a sama ya biyo baya.

To, me ya sa bai huda hanjin mai cin ƙosai ba? Dalilai biyu masana ke bayarwa. Tsamin tumbin mutum da enzayim ɗinsa suna narka furotin ɗin kamar kowane furotin na abinci. Sannan bangon hanjin mutum ba shi da kwaɗon da wannan makulli ke buɗewa.

Wannan zaɓe da furotin ɗin ke yi shi ne kuma iyakarsa. Ba ya taɓa ƙwari masu tsotsa, shi ya sa masu irin suka ce a yi feshi sau 2. Ba ya kuma hana ƙwaron da ke huda wake a buhu, domin shi dangin buzuzu ne, hanjinsa daban yake. Har ila yau akwai muhawara a Nijeriya kan irin shukar da aka sauya wa ƙwayoyin gado, inda wasu ƙungiyoyi ke nuna damuwa kan lafiya da muhalli da makomar irin gargajiya. Ilimin hanji yana amsa tambayar yadda furotin ɗin ke aiki ne. Tambayoyin farashin iri da wanda ke mallakarsa na al'umma ne da hukuma.

6.0 Yadda Ƙwaro ke Kare Kansa

A cikin dubban tsutsotsi akan sami 'yan kaɗan da aka haifa da wani bambanci a hanji. Wata kwaɗonta ya ɗan sauya, makulli ba ya shiga. Wata enzayim ɗinta ba sa datse furotin ɗin yadda zai zama guba. Wata kuma tana maye gurbin ƙwayoyin da suka fashe da sauri. Idan aka dage da guba iri ɗaya shekara da shekaru, sauran za su mutu, waɗannan su rage su hayayyafa.

An ga haka a zahiri. A 1990 aka ba da rahoton tsutsar kabeji da ta jure wa feshin Bt a tsibirin Hawai. A 2007 aka ba da rahoton cewa tsutsa mai huda karan masara, Busseola fusca, ta jure wa masarar Bt a Afirka ta Kudu, kuma wannan tsutsa tana nan a gonakin dawa da masara na Arewacin Nijeriya. Wani bincike da aka yi a Japan, aka wallafa a 2012, ya nuna ma cewa wani ƙwaron waken soya yana haɗiyar bakteriya daga ƙasa, ta zauna a hanjinsa tana warware masa wata guba ta feshi.

Maganin wannan shi ne sauya nau'in guba daga lokaci zuwa lokaci, da kuma barin wani yanki na shuka marar Bt kusa da mai Bt. A wannan yanki tsutsotsi marasa juriya za su rayu su yi barbara da masu juriya, jinin juriyar ya tsinke.

7.0 Waɗanda Ba Su Ji Ba Ba Su Gani Ba

Yawancin magungunan da ke kisa nan take jijiya suke bugu. Misali shi ne daikulobos, wanda ake rubutawa DDVP a jikin kwalba, shi ne kuma ke cikin Sniper da yawancin abin da ake kira fiya-fiya. Yana toshe wani enzayim da ke tsayar da saƙo tsakanin jijiyoyi, sai jiki ya kama karkarwa ba tsayawa. Ba kamar kwaɗon hanjin tsutsa ba, wannan enzayim yana jikin mutum kamar yadda yake jikin sauro. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awai.

Sakamakon ya sha bayyana. A 2008 an kwantar da ɗalibai fiye da 100 na wata makarantar 'yan mata a Jihar Gombe bayan sun ci waken da aka adana da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan daikulobos da aka samu a ciki, alhali iyakar da ta amince da ita ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani a kasuwanni da kantuna. Ga mai son adana wake akwai hanyar da ba ta buƙatar guba ko kaɗan: buhun PICS mai ruɓi 3, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tun daga 2007 tare da masu bincike na wannan yanki, ciki har da na cibiyar INRAN da ke Maraɗi. Leda biyu na ciki suna toshe iska, ƙwaron ya daina ci ya mutu.

Ƙudan zuma ma yana cikin waɗanda abin ke shafa. Imidakulofirid guba ce ta jijiya da tsiro ke shanyewa, tana kaiwa har cikin ruwan fure. Bincike ya nuna cewa ɗan abin da bai isa ya kashe ƙudan zuma ba yana iya kashe ƙwayoyin bangon hanjinsa, ya rage masa ƙarfin narka abinci da jure wa cuta. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da wasu 'yan'uwansa 2 a filin gona. Mai feshi a lokacin da shuka ke fure, musamman da hantsi sa'ad da zuma ke kiwo, ya sani yana iya yi wa mai amya ɓarna.

8.0 Kammalawa

An ga cewa hanjin tsakiya shi ne ƙofar da ƙwaro ba ya iya rufewa, kuma magunguna na bi ta nan su huda bango, ko su hana narkewar abinci, ko su zaizaye shi, ko su raunana tantaninsa. Daga wannan bayani abubuwa uku ke fitowa ga mai amfani da su. Na ɗaya, gubar ci tana buƙatar ƙwaro ya ci, don haka a fesa ta tun tsutsa tana ƙarama, kafin ta shige cikin kwanso ko kara. Na biyu, alamar aikinta ita ce tsayawar ɓarna, saboda haka a duba sabon ganye, a kuma ba ta kwana 2 zuwa 3 kafin a yanke hukunci ko a ƙara wani feshi. Na uku, maganin da ke zubar da ƙwaro nan take galibi jijiya yake bugu, ya kamata a riƙe shi da matuƙar hattara, kada kuma ya kusanci abinci.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa a nan. Bayanin da ke jikin mafi yawan kwalaben nan da Ingilishi yake, masu amfani da su kuwa a Ɗan Iya da ƙauyukan Bauchi da Hausa suke ciniki. Kalmomi irin su gubar ci, gubar taɓawa, gubar shaƙa, hanjin tsakiya da tantanin hanji shawarwari ne da ke buƙatar a tattauna su a aji, a gwada su a kan manoma da masu shagunan kayan gona, a ga waɗanda suka zauna a baki. Mai neman batun kundin kammala digiri yana iya farawa da tattara sunayen da manoman Bauchi ke kiran ƙwarin wake da magungunansu, ya kwatanta su da abin da aka rubuta a jikin kwalba.